Rabin Yini A Birnin Shehu

Waɗansu daga cikinku sun aiko suna tambaya ko lafiya ba su ji ni a filin nan ba makon jiya. To, lafiya lau. Tafiya ce ta kama ni. An aike mu Sakkwato, mu huɗu daga makarantun yankinmu, domin wani kwas na kwana uku a kan yadda za a koya wa yaran aji ɗaya da aji biyu karatu da harshen Hausa.

Tun kafin in tashi aka fara ƙorafi a gida. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mace ta kwana uku a garin da ba ta da dangi ba. Ya ƙara da cewa hanyar Gusau ba ta da kwanciyar hankali a shekarun nan, kuma a nan kam gaskiyarsa ce. Da ƙyar ya yarda, bayan na yi masa alkawari ba zan bi hanya da dare ba.

Ran Laraba aka tashe mu tun ƙarfe ɗaya, aka ce sai gobe da safe za a ba da takardun shaida. Abokan tafiyata suka ce su barci za su yi, gama rana ta yi zafi. Ni ma na kwanta, amma barci ya ƙi zuwa. Na ce a raina, yanzu in koma gida yara su tambaye ni me na gani a birnin Shehu, in ce musu na ga fanka da bangon ɗaki? Da na yi sallar azahar sai na lallashi Malama ɗaya daga cikinmu, wadda ta girme ni, muka sa hijabi, muka gaya wa mai kula da masauki inda za mu da lokacin da za mu komo, muka tari keke mai ƙafa uku. Na ce a kai mu Hubbare.

Ga 'yan makaranta da ba su sani ba, Hubbare shi ne gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a nan kuma aka binne shi da ya rasu a 1817. Garin Sakkwato kuwa ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina shi a 1809, Shehu bai taso daga Sifawa ya komo cikinsa ba sai 1815. Watau shekara biyu kaɗai ya yi a ciki. Ni da na ke zaton ya daɗe a can, sai na ji kunyar kaina, ga ni kuwa malamar makaranta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan mata. Tsofaffi ne galibi, waɗansu da ƙunshi a ka, waɗansu riƙe da jikoki, daga ganin ƙafafunsu ka san daga ƙauye suka fito. Muka tuɓe takalma, muka shiga, muka yi wa Shehu da sauran mamatan da ke wurin addu'a. Na san akwai masu saɓani a kan ziyarar kabari, wannan kuwa na bar wa malamai. Mu dai gafara da rahama muka roƙa musu wurin Allah, muka fito.

Muna zaune a inuwa muna hutawa sai wata tsohuwa ta dube ni, ta ce, “Ɗiyata, daga ina kuka hito?” Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, baƙi ne mu, malaman makaranta, aiki ya kawo mu.” Ta yi dariya, ta ce, “Ashe jajoji ne! To, kun gai da uwarku?” Na ce wace uwa? Ta ce, “Nana mana, Uwar Gari. Ga ta nan kwance kusa da mahaifinta.”

Jama'a, ba yau na fara jin sunan Nana Asma'u ba. Akwai makarantu da ɗakunan kwanan 'yammata masu sunanta, mun kuma yi ta a darasin tarihi a kwaleji, layi biyu ko uku, muka haddace domin jarrabawa. Amma ban taɓa tsayawa na auna abin da matar nan ta yi ba sai ran nan, da na zauna ina kallon matan da ke shiga da fita.

An haife ta a Ɗegel wajen 1793, ita da tagwaicinta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta cikin yaƙi da yunwa da ƙaura ta yi ta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Bello, kuma sunansa ne unguwar Giɗaɗawa ta ke ɗauke da shi har yau. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, abin da ya rage daga ayyukanta ya kai kamar 60. Ta rasu a 1864.

Duk wannan ilmi ne, Allah ya ba wanda ya so. Abin da ya kama zuciyata shi ne dabararta. Bayan jihadi akwai mata da yawa a ƙauyuka waɗanda ba su san ko yadda za su yi salla daidai ba, ga bori ya kama wuri. Matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta tafi birni neman karatu. To, sai Nana ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, garin kowa da tasa, ta naɗa su jajoji. Jaji ita ce ja-gaba, kamar ta ayarin fatake. Ana ba ta malfa, a naɗa mata jan ƙyalle a kai, kowa ya gan ta ya san aikinta. Jaji ta kan taso da ayarinta, tsofaffi da 'yammata ƙanana da ba su isa aure ba, su yi tafiyar ƙasa har wurin Nana. Su ɗauki karatu, su koma, su shiga gida gida su koya wa matan da ke kulle. Su ne ake kira 'Yan Taru. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon aikin.

Da me ta ke koya musu, tun da yawancinsu ba su iya karatun allo ba? Da waƙa, cikin harshen da su ke ji. Akwai wata gajeriyar waƙarta da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a jere, domin mace ta riƙe su tana daka ko tana kaɗi.

A nan ne na yi dariya ni kaɗai, har abokiyar tafiyata ta ce lafiya? Na ce, “Yaya, kwana biyu ke nan ana tara mu a zaure da majigi, ana gaya mana wai sabuwar hanya ce a koya wa yaro da harshen uwarsa, a sa masa darasi cikin waƙa, kuma wai mu koma mu koya wa sauran malaman da ba su samu zuwa ba. Ashe abin da aka yi a unguwar nan ke nan, shekara kusan ɗari biyu da suka wuce.” Ba raina kwas ɗin na yi ba, na ƙaru da shi ƙwarai. Amma da a ce masu koyarwan sun ɗebe mu a mota sun kawo mu nan awa ɗaya, da maganarsu ta fi shiga.

Na so in je gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda aka ajiye tsofaffin takardu da kayan yaƙi, sai dai lokaci ya ƙure. Shi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyar Giɗaɗo da Nana ya fito. Muka bi ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, muka tsaya daga nesa muka kalli dogarai da jajayen rigunansu, sa'an nan muka yi la'asar.

Kasuwa kuwa a gurguje muka shiga. Na sayi tafarnuwa, gama ta ƙasar Sakkwato ba a gaya mata kyau, da 'yar jakar fata. Fatar jar akuyar ƙasar nan ce fatake su ke ƙetare Sahara da ita a da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can ta ke isa hannunsu. Shawara ga mai zuwa: kada ki biya kuɗin da aka fara yanka miki. Baduku ya ji harshena ya san baƙuwa ce, amma da na juya zan tafi sai ya sallama a kusan rabi. Kafin magariba muna masauki, kamar yadda muka faɗa.

Da na komo gida na kai wa Kawu tsarabarsa, na zauna na ba shi labarin jajoji. Na ce masa, “Kawu, ka ga su a ƙasa su ke tafiya, kwana da kwanaki, kuma 'yar Shehu ce da kanta ta ke naɗa su.” Na tuna masa har da littafin Shehu, Nurul Albabi, inda ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya yi shiru yana juya carbi. Can ya ce, “Su ai tsofaffi ne.” Na ce har da 'yammata a cikin ayarin. Bai ce na yi gaskiya ba, Kawu ba ya faɗin haka. Amma akwai 'yar autarsa da ta gama aji shida bana, wadda ya ce karatunta ya isa haka nan. Jiya da dare ya aiko a tambaye ni ko yaushe ne za a rufe karɓar 'yan aji ɗaya a sakandaren 'yammata, da kuma nawa ne kuɗin yadin yunifom.