Shin Zubar da Magani Nasara Ce a Kan Shaiɗan?

Tun farkon shekarar nan, a daidai lokacin da ikilisiyoyinmu da dama suke keɓe kwanaki domin addu'a da azumi, wani dogon saƙo yake ta zagayawa a WhatsApp tsakanin 'yan'uwa masu bi, daga zauren Zumuntar Mata zuwa na mawaƙa, daga na mawaƙa zuwa na matasa, har ya kai ga dattawan da idonsu ya yi rauni, sai jikoki su karanta musu. A samansa an rubuta take mai tayar da hankali game da yaƙin ruhaniya, a ƙasansa kuwa babu suna, babu gari, babu ikilisiya, illa dai an ce wani babban bawan Allah ne aka yi wa wahayi. Ko wane ne ya tsara shi, ya yi aiki irin na mai algus, wanda ke zuba tsakuwa a gindin buhu, sa'an nan ya lulluɓe ta da kyakkyawar dawa, domin mai saye ya duba sama ya gamsu.

Abin da yake gaskiya a cikinsa, wajibi ne a yarda da shi ba tare da jan ƙafa ba. Jaraba gaskiya ce, kuma ba ta barin malami balle almajiri. Manzo Bulus, a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, ya bayyana cewa mai bi yana cikin gwagwarmaya da ikokin da ido ba ya gani, ya kuma lissafa makaman da za a tsaya da su, wato gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da Maganar Allah, ya ɗora da addu'a. Haka nan saƙon ya yi daidai da ya kawo labarin Yusufu, wanda ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa ya tsere, domin akwai jarabar da ba a tsayawa muhawara da ita. A kan waɗannan babu jayayya tsakanina da kowa.

Sauran tarkacen da ke biye ba su cancanci dogon bayani ba. Cewa wanda bai tura saƙon ga mutum goma sha biyu ba masifa za ta auka masa, tsohuwar barazana ce wadda ta girmi wayar hannu, kuma ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Lambar wayar da aka ce in an amsa ana mutuwa, shekara da shekaru ana ambatonta, har yau ba a nuna gawar kowa ba. Katin ɗan ƙasa rajistar gwamnati ce kawai, wadda saƙon ya laƙaba wa alamar dabba ba tare da hujja ba. Game da abin da saƙon ya faɗa a kan addu'ar tsakar dare, Allah da ke jin ta shi ne ke jin ta hantsi. Game da batunsa na cin abinci a mafarki kuwa, wanda ya yi irin wannan mafarki, ya tashi ya yi addu'arsa ya kama aikinsa. Amma cewa duk wanda mugun tunani ya ɗarsu a zuciyarsa ya riga ya faɗi, wannan kuskure ne da ke karya zukatan matasa, alhali kuwa wasiƙar Ibraniyawa ta shaida cewa Almasihu kansa an jarabce shi ta kowace fuska bai yi zunubi ba, Yakubu kuma ya nuna cewa akwai tazara tsakanin sha'awar da ta taso da zunubin da ake haifarwa bayan an miƙa mata wuya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana can wajen ƙarshen saƙon, inda aka ce farfaɗiya da taɓin hankali da makamantansu dukkansu harin aljanu ne, cewa mai shan ƙwayar asibiti dominsu ya sallama wa Shaiɗan, kuma alamar bangaskiya ta ainihi ita ce mutum ya zubar da maganinsa ya shiga azumin kwana bakwai ba ci ba sha. Wannan magana ta riga ta yi ɓarna a cikinmu. Akwai wata yarinya cikin mawaƙan majami'armu, wadda ta daɗe ba ta faɗi ba tun da aka ɗora ta a kan magani, har ta koma makaranta. Mahaifiyarta, mace mai tsoron Allah wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta karanta saƙon, ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai. Ba a yi mako ba ciwon ya kama yarinyar tana tuƙa tuwo, ta kife a kan murhu, hannunta na dama ya ƙone tun daga yatsu har gwiwar hannu. Da na je dubiya na tarar da uwar zaune a bakin gado, ta ce da ni, "Malam, ni fa so na yi 'yata ta rabu da abin nan gaba ɗaya, na gaji da ganin ana nuna ta da baki." Na ce, "Mama, Allah ya ga zuciyarki, amma a mayar da ita kan magani yau ɗin nan." Ba ni da abin zargi a kan wannan baiwar Allah, domin wanda ya shekara yana kallon ɗansa yana faɗuwa, maƙwabta suna janye 'ya'yansu, masu neman aure suna ja da baya, duk wanda ya yi masa alkawarin waraka cikin mako guda zai saurare shi. Fushina yana kan wanda ya zauna cikin inuwa ya rubuta hukunci a kan lafiyar 'ya'yan mutane, ya jingina shi ga Ubangiji, ya kuma ɓoye sunansa don kada a neme shi ranar da abin ya ɓaci.

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, inda saƙonnin lantarki da jijiyoyinta ke aika wa juna suke rikicewa su ɓarke lokaci guda, kuma likitoci suna iya ganin alamar wannan rikici a na'urar da ke auna aikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gane ciwon an ba su maganin da ya dace. Daga cikin sabubbanta akwai wahalar haihuwa, da buguwar kai, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, wanda mu a Arewa mun san shi sani na baƙin ciki tun kafin babbar annobar 1996. Adalci ne kuma a faɗi cewa a kusan rabin masu ciwon ba a gano sababi ba, kuma akwai waɗanda magani ba ya tsayar musu da shi gaba ɗaya. Sai dai abu guda tabbatacce ne, babu saɓani a kansa tsakanin masana: yanke maganin farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo, ko wadda ke bin juna ba tare da mutum ya farfaɗo ba, kuma irin wannan tana kisa. In an haɗa da ƙishirwa da yunwa da rashin barci na kwana da kwanaki, an tara wa mara lafiya duk abin da ke tayar da ciwon. Likita kansa yakan duba yiwuwar janye magani bayan mutum ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba, amma sannu a hankali, yana lura.

Na san abin da mai karatu zai kawo, wato yaron da ke cikin Markus sura ta 9, wanda yake faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, Yesu kuma ya tsawata wa ƙazamin ruhun da ke tare da shi. Ban musanta wannan labari ba, na kuwa gaskata shi. Amma labarin yaro ɗaya, wanda Ubangiji da kansa ya san abin da ke damunsa, bai zama hukunci a kan kowane mai faɗuwa ba har abada, musamman da yake Matiyu a sura ta 4, sa'ad da yake lissafa marasa lafiyar da aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Littafin da saƙon yake fakewa da shi shi ne ya kira Luka likita, shi ne ya ba da labarin annabi Ishaya yana umartar a ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, shi ne kuma ya nuna Bulus yana ba Timoti shawara game da ciwon cikinsa, yana kuma barin Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ba tare da ya tuhumi ɗayansu da raunin bangaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, saƙon da ke da'awar koya mana tsayayya da jaraba shi kansa yana miƙa mana ɗaya daga cikin jarabobin nan uku da Iblis ya kawo wa Almasihu bayan azuminsa a jeji. Ya kai shi ƙololuwar Haikali, ya nemi ya diro domin a tilasta wa Allah ya aiko mala'iku, har ma ya janyo aya daga Zabura ya kafa hujja da ita. Yesu kuwa ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Uwar da aka ce ta zubar da maganin 'yarta domin Allah ya nuna ikonsa, a kan wannan ƙololuwa aka tsayar da ita, da aya a hannu kamar yadda aka yi tun farko.

Kakanninmu a cikin wannan bangaskiya ba su san gaba tsakanin addu'a da magani ba. Walter Miller, wanda ya iso Kano a 1900 cikin tawagar Bishop Tugwell, ya zauna a Zariya shekaru masu yawa, ya kuma yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. Asibitin Wusasa da na Vom da na Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, masu bishara ne suka gina su, suna addu'a da safe suna ɗaure miki da rana. Wanda ya ce ƙwaya sallamawa ce ga Shaiɗan, sai ya gaya mana a wane ɓangare ya ajiye waɗannan mutane.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya su faɗi wannan daga bagade da bakinsu, domin waɗanda suka zubar da magani ba za su zo su faɗa ba, kunya ta hana su. Duk wanda ya daina sha, ko na farfaɗiya ne, ko na taɓin hankali, ko na ciwon sukari, ko na ƙanjamau, ya koma wurin likitansa cikin gaggawa, kada ya ninka ƙwayar da kansa don rama abin da ya wuce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri ga wanda ya buƙaci ƙwararre. Mai son azumi ya fara shawara da likita a kan lokacin shan maganinsa. In kuwa wani ya faɗi a gabanku, ko a majami'a ko a gida, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko mai, kada kuma a gudu don tsoron yawunsa, gama ba a ɗaukar ciwon ta nan. Masu addu'a su yi addu'arsu, amma wani ya riƙe agogo, domin in jijjigar ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, sai a nemi mota a nufi asibiti.