Ɗakin Da Ya Dace Da Zomon Gida

Kiwon zomo ya shiga gidaje da yawa a ƙasar nan. Wani don nama yake yi, wani don sayarwa, wani kuwa, musamman malaman ofis da 'yan kasuwa mazauna birni, yakan sayo biyu ko uku ne kurum don yaransa su yi sha'awa. Amma kowace shekara, daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, sai a ji ana ta kuka wai zomaye suna mutuwa ba ciwon komai. Da safe an ba su harawa sun ci, da azahar a tarar da su a miƙe. Wani ya ce ganyen da aka ba su ne, wani ya ce baki ne ya kama su. Galibi kuwa ba ko ɗaya. Ɗakin da aka sa su ciki shi ne ya kashe su.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne suna tsammani zomon gida da zomon daji abu ɗaya ne, tun da na daji yana jure ranar bazara to na gida ma zai jure. Ba haka ba ne, su biyun ko barbara ba sa yi da juna. Na daji ba ya haƙa rami, lafewa yake yi a gindin ciyawa ko ƙarƙashin sabara, 'ya'yansa kuma da gashinsu ake haihuwarsu, ido a buɗe. Na gida asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal yake, can kuwa a cikin rami yake wuni, sai da almuru da asuba ya fito kiwo. 'Ya'yansa tsirara ake haihuwarsu, idonsu ba ya buɗewa sai sun yi wajen kwana 10. Duk zomayen da ake gani a kasuwa, da fari mai jan ido wanda ake kira New Zealand (ko da yake a Amurka aka fitar da irinsa), da mai ruwan toka da ake kira Chinchilla, da gaurayen da ke tsakaninsu, jikokin wannan mai shiga rami ne.

To, zomo ba ya gumi kamar mutum ko doki, ga shi kuma da rigar gashi wadda ba ta tuɓuwa. Ta kunnuwansa da numfashinsa kaɗai yake fitar da zafin jiki. Ya fi sakewa idan ma'aunin zafi na salshiyos yana tsakanin digiri 15 da 21. In ya haura 30 sai ya rage cin abinci, ya miƙe yana haki. In ya wuce 35 ya daɗe a haka, rai yana iya halinsa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon da bai fi kamu ɗaya daga bayan dabbar ba. Mace mai ciki ita ce ta fi saurin faɗuwa. Namiji ko bai mutu ba zafi yakan lalata masa iri, a yi ta kai masa mata ba sa ɗauka har makonni bayan an sha iska, mai shi yana ta zargin matan.

Saboda haka kafin mutum ya je wurin kafinta sai ya fara neman wuri. Gindin darbejiya ko mangwaro ko ceɗiya ya fi ko'ina, muddin inuwar tana nan tun daga hantsi har la'asar. A lura da wannan ƙwarai, gama akwai inuwar safe wadda kan gudu ta bar keji a fili da ƙarfe biyu na rana, lokacin da maigida yana kasuwa yara suna makaranta. Ya kamata mutum ya ba da rana guda ya duba yadda inuwar ke tafiya. In babu itace a gidan, a kafa rumfa mai tsayi a rufa ta da zana ko jinka, kejin ya zauna ƙarƙashinta. Kada a jingina shi da katangar siminti wadda rana ke duka da yamma, don takan riƙe zafi ta yi ta amayar da shi har dare ya raba. Kada kuma a cusa shi a lungu inda iska ba ta ratsawa, ko kusa da murhu, ko kusa da injin wuta.

Sai kuma fuskar da za a ba shi. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa magina ke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Iskar hunturu ma daga gabas maso arewa take busowa. Ranar da ta fi ƙuna kuwa ta yamma ce. Don haka a miƙa tsawon kejin daga gabas zuwa yamma, gefen gabas a toshe shi da katako, gefen yamma a tsaya masa da zana nesa kaɗan yadda za ta tare rana ba ta tare iska ba. Kudu da arewa a bar su da ragar waya. Da hunturu a rataya tsohon buhu irin na gyaɗa da dare, a ɗage da safe. Babban zomo ba ya tsoron sanyin ƙasar nan in dai jikinsa a bushe yake, jarirai ne abin ji.

Rufin ciyawa ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba, aibinsa dai ɓera yana son shi, kuma sai ana sabuntawa. Wanda ya fi son kwano don kada ya yi yoyo, to ya ɗora zana ko kara a bisansa, ya bar ɗan sarari tsakaninsu. Rufin ya karkata baya, ya kuma zarce bango da kamar ƙafa ɗaya ko fi don feshin ruwa.

Daɓen Keji

Nan ne yawancin kejin kasuwa suke da illa. Kafinta yakan shimfiɗa siririyar wayar nan ta akurkin kaji don ita ce mai araha, araha kuwa ba ta ado. Zomo ba shi da tsoka a tafin ƙafa kamar kare ko kyanwa, gashi ne kawai a kan fata. Siririyar waya takan cinye gashin, dunduniya ta yi gyambo, gyambon kuma wuyar warkewa gare shi tun da a kansa yake zaune dare da rana. Fitsari yakan sa ta tsatsa cikin 'yan watanni, kare ma da haƙori yake keta ta. Wayar da ta dace ita ce mai kauri wadda aka yi wa walda, ramukanta rabin inci a faɗi, inci ɗaya a tsawo. In ramin ya fi haka ƙafar ƙanana za ta zurma ta karye, in bai kai ba kashi ba zai zube ba. Ko da wannan wayar ce, a ajiye guntun katako a gefe guda inda zai kwanta ya huta.

Manomin da ba shi da kuɗin waya ba a bar shi a baya ba. Tsagin gora ko tukurwa, a jera su a bar rabin inci tsakani, santsin yana sama, suna aiki sosai, har sun fi waya daɗin taka. Sai dai zomo zai yi ta gurgurarsu, don haƙoransa ba sa daina tsiro muddin ransa, tilas ya sami abin da zai goga su. Don wannan dalili ne ake buga waya ta cikin katakon keji ba ta waje ba, kuma ba a shafa fenti ko baƙin mai inda bakinsa zai kai. A jefa masa busasshen reshen mangwaro, a wadata shi da harawa, sai ya rage ɓarna.

Amfanin daɓe mai ramuka shi ne ya raba dabbar da kashinta. Akwai wata ƙwayar cuta ta hanji da hanta wadda ke fita cikin kashi, ta yi kwana ɗaya ko biyu a danshi ta nuna, in ƙaramin zomo ya ci ta cikin abinci sai zawo da kumburin ciki, da damina ta kan share 'ya'ya ɗaki guda. Shi ya sa ba a zuba harawa da ganyen dankali a ƙasa, a rataye su ko a sa cikin ragar da aka ɗaure a bango. Kaskon ruwa da na dusa su zama masu nauyi don kada ya kifar. Masu ɗora keji bisa keji don ƙarancin fili su sa kwano a karkace tsakani, in ba haka ba na sama zai yi ta yi wa na ƙasa fitsari. Abin da ya zubo ƙasa a kwashe kullum, taki ne mai kyau ga lambu. In mutum ya sunkuya zarni ya bugi hancinsa, to ya sani zomon da ke kwana ciki ya fi shi shan wuya, daga nan ne mura da ciwon huhu ke samun hanya.

Girman keji na babban zomo ɗaya kada ya gaza ƙafa 4 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, ƙafa 2 a tsayi, watau yadda zai yi tsalle, ya miƙe sosai, ya kuma tsaya da ƙafafun baya kunnensa bai taɓa rufi ba. Faɗin kada ya wuce inda hannu zai kai. Wannan na mai kiwon nama ne, wanda zomayensa ba sa daɗewa. Na sha'awa kuwa yana iya shekara 8 ko 10 a gida, bai kamata a ce duk a akwati zai yi su ba. Masu kula da lafiyar zomaye a Ingila suna ba da shawarar fili mai mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi ga zomaye biyu. Ba kowane gida ke da wannan ba, amma ko ɗan shinge na waya a inuwa, rufaffe ta sama saboda shirwa da shaho, inda yara za su sake su da sassafe da kuma bayan la'asar, ya fi babu.

Maƙiyan zomo suna da yawa: kare, muzuru, gafiya, ɓera, maciji, kwarkwasa, da kuma mai ƙafa biyu, wanda maganinsa kwaɗo ne. A ɗaga kejin ƙafa 3 daga ƙasa, daidai ƙugun mutum. Kowace ƙafa a tsoma ta cikin gwangwani mai baƙin mai don gara da kwarkwasa, a kuma naɗa mata guntun kwano mai kama da mazurari a kife, ɓera in ya hau sai ya zame. Kare ko bai shiga ba yana iya cizon yatsu ta ƙarƙashin waya, firgita kaɗai ma takan sa zomo ya yi tsalle ya karya ƙashin bayansa. Don haka a kewaye ƙarƙashin, a kuma sa masa ɗan akwati mai duhu a ciki inda zai ɓuya.

Masu Sakinsu A Ƙasa

Yara da yawa sukan zuba zomaye a tsohon ɗakin ƙasa su bar su su haƙa rami. Gaskiya wannan yana da abin yabo, don da bazara irin waɗannan sun fi na kejin kwano tsira, tun da cikin ƙasa ya fi waje sanyi. Amma da damina ruwa yakan cika ramin ya kashe jarirai, maciji yakan shiga, ba a sanin wadda ta haihu ko nawa suka mutu, wata rana kuma a tarar sun ɓulla gidan maƙwabci ta ƙarƙashin katanga. Akwai hanyar da za a ci moriyar ƙasa ba tare da wannan hasara ba, masana a jami'ar garin Viterbo ta Italiya sun daɗe suna gwada irinta. A sami randa ko babbar tukunya, a huda ta a gefe, a tara mata ƙasa har wuya a bisa tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a yi mata murfi, sa'an nan a haɗa hudar da kejin waya ta bututun laka ko na siminti. Zomo ya wuni a randa, ya fito keji ya ci ya yi kashi, mai shi kuma in yana son dubawa sai ya ɗaga murfi.

Namiji da mace ba a barinsu ɗaki ɗaya. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, tana kuma iya ɗaukar wani a ranar da ta haihu, wanda ya sayo biyu don yara kafin shekara ya rasa inda zai sa su. Maza kuma da sun kai wata 3 ko 4 sai faɗa. Mata biyu 'yan ciki ɗaya sun fi zaman lafiya. Mai son 'ya'ya ya kai macen ɗakin namijin, ya mayar da ita, in ta yi kwana 28 ya sa mata akwatin haihuwa mai inci 18 a tsawo, 12 a faɗi, da busasshiyar ciyawa a ciki. Sau ɗaya take ba da nono a yini, na 'yan mintoci, kada a ga ba ta shiga a ce ta ƙi su.

Mai sayen tsohon keji ya tambayi abin da ya raba shi da zomayen da ke ciki. Akwai annobar zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, wani sabon launinta ya ɓulla a Faransa a 2010, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 2020. Tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci a ga jini a hanci, ƙwayarta kuma takan yi watanni a jikin katako da buhu da kasko ba ta mutu ba. Kejin waya ana iya kankare shi, a wanke da ruwan bilic, a shanya a rana. Na katako wanda zomaye suka mutu ciki ba a san dalili ba, wuta ce ta dace da shi. Sabon zomo daga kasuwa a ware shi a wani keji nesa da sauran, aƙalla mako 2, a riƙa ba shi abinci bayan an gama da na gida. In an ga mutuwa ta yi yawa farat ɗaya, a binne gawar da zurfi, a sanar da malamin dabbobi na yankin, kada a sayar da sauran.