Fulawa Mai Roɗi-roɗin Ganye: A San Suna Kafin A Fitar Da Kuɗi

Duk mai zirga-zirga a manyan titunan Abuja, Kaduna ko Kano ya san 'yan lambun bakin hanya da ke jera tsirrai cikin baƙaƙen ledoji suna jiran mai saye. A 'yan shekarun nan, tsirran da suka fi ɗaukar hankalin ma'aikata, likitoci da malaman jami'a su ne masu ganye roɗi-roɗi, kore da fari, ko kore da rawaya, wasu har da ja-ja. Ana sayensu da kuɗi masu kauri a ƙawata falo ko ofis, amma da yawa daga cikinsu ba sa ganin damina ta biyu. Hunturu na shigowa sai bakin ganye ya fara ƙonewa, kafin bazara ta tsaya an jefar da tukunya bayan gida. Mai gida ya zargi mai lambu da ha'inci, mai lambu ya zargi mai gida da sakaci, alhali tushen asarar yana wani wuri dabam.

A ganina, matsalar ta faro ne daga harshe. Kalmar "fulawa", wadda muka aro daga Turanci, ita kaɗai muke jibga wa ɗaruruwan tsirrai da ba su haɗa dangi ko ƙasa ba, har da waɗanda don ganyensu ake shuka su, ba don fure ba. Bahaushen da ya rarrabe doki da launinsa, ya ce wannan kili ne, wancan akawal, ga bidi ga danda. Manomin da ba ya haɗa gero da maiwa, ko kaura da farfara, shi ne yau yake tsayawa gaban mai lambu ya ce "ba ni waccan mai farin". Suna kuwa taska ce ta ilimi. Wanda ya san sunan iri ya san ƙasar da yake so da lokacin shukarsa. Wanda bai san suna ba, sai ya yi wa kowace shuka hidima iri ɗaya, wato ya ajiye ta a rana ya riƙa kwarara mata ruwa.

Masu sayarwa kan ce waɗannan tsirrai na ƙasashe masu zafi ne, don haka za su yi a wurinmu. Maganar gaskiya ce, amma rabinta. Monstera, mai faffaɗan ganye tsattsage, asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne zuwa Fanama. Kuroton ya fito daga Indunusiya da Malesiya da tsibiran tekun Fasifik. Kaladiyum da kalatiya kuwa 'yan Kudancin Amurka ne da Amurka ta Tsakiya. Akasarinsu a ƙarƙashin manyan bishiyoyi suke rayuwa, cikin haske mai laushi da iska mai ɗauke da danshin da ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Zafin Kalaba, inda ruwan shekara ke kusantar milimita 3,000, ya yi kama da na gidansu. Zafin Kano ko Sakkwato wani abu ne dabam: a tsakiyar hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Afrilu kuma ma'aunin zafi ya haura digiri 40. Kalmar "zafi" guda ɗaya ta haɗa yanayi biyu da ba su da alaƙa, kuma a cikin wannan ruɗani kuɗin jama'a ke salwanta.

Shi kansa roɗi-roɗin da muke sha'awa rauni ne ga shukar. Koren sinadarin da masana ke kira kulorofil shi ne yake ba ganye damar sarrafa hasken rana ya zama abinci. Farin ɓangaren ganye ba shi da wannan sinadari, saboda haka ci yake yi daga gumin koren ɓangare, bai tsinana komai ba. Wannan ne ya sa irin waɗannan tsirrai suke jinkirin girma, kuma farin wurin ne yake fara ƙonewa idan rana ta buge shi ko iska ta bushe. Idan kuma aka kai su lungu mai duhu, sai sababbin ganyaye su riƙa fitowa da kore fiye da fari. A nau'o'i da dama, musamman farar Monstera, launin ya samo asali ne daga haɗuwar ƙwayoyin halitta iri biyu a kan tsiro ɗaya, don haka ba a dogara da iri wajen yaɗa shi, sai dai a yanki reshe. Reshen da ya koma kore zalla ya fi sauran ƙarfi, in ba a datse shi ba yakan mamaye shukar gaba ɗaya, mai ita ya wayi gari da abin da bai saya ba.

Wahalar yaɗuwar ce ta jawo tsada. Lokacin kullen annobar korona, sha'awar tsirran cikin gida ta mamaye duniya, har a watan Yunin 2021 aka sayar da wata 'yar shuka mai farin roɗi a ƙasar New Zealand kan dalar ƙasar 27,100 ta hanyar gwanjon intanet. Da dakunan gwaje-gwaje, musamman a Tailan, suka ƙware wajen hayayyafa irin waɗannan tsirrai da yawa daga ɗan ƙanƙanen yanki, sai farashi ya faɗi warwas. Tarihi ya maimaita kansa ne, domin a Holan kasuwar furen tulif ta rushe a 1637, kuma daga baya aka gano cewa zanen da ya sa wasu furannin tsada cuta ce ta jawo shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ba ina cewa a daina shuka su ba ne. Wanda ya ƙuduri aniya, ga abin da yanayinmu yake buƙata daga gare shi. Ya ajiye su inda haske ke shiga sosai amma rana ba ta dukansu kai tsaye, kamar baranda mai fuskantar gabas ko inuwar bishiya. Ya nisanta su daga bakin na'urar sanyaya ɗaki, domin tana ƙara busar da iska. Da hunturu ya tara su wuri guda a kusurwar da iska ba ta kaɗawa, ya riƙa goge ƙura daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma, saboda ƙura da bushewa ne ke gayyato wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye. Ƙasar tukunya ta zama mai sakin ruwa, a gauraya ta da yashi, ɓuntun shinkafa da ɗan gawayi, tukunyar kuma lalle ta kasance da huda a gindi. Kada ya ba da ruwa sai ya tsoma yatsa ya ji saman ƙasar ya sha iska, domin yawan ruwa yana ruɓar da saiwa. Kalatiya ba ta jure gishirin da ke cikin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, ruwan sama ya fi mata. Kaladiyum kuwa yakan zubar da ganye da rani ya bar ƙullutunsa a ƙasa yana hutawa; mutane da dama sun zubar da shi suna zaton ya mutu.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata magidanci ya auna. Na farko ruwa: a unguwannin da 'yan garuwa ne ke shayar da jama'a, tara tukwane ashirin na tsirran da ba sa jure ƙishi hidima ce ta kullum. Na biyu lafiyar yara: Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye da farin tsakiya, wadda ta cika faluka da ofisoshi, ruwan jikinta yana kumbura baki da harshe idan aka tauna ta. Monstera da kaladiyum ma suna ɗauke da wannan sinadari. Uwar da ta san shukar da "fulawa" kawai, me za ta faɗa wa likita idan ɗanta ya ci?

Abin takaici shi ne, rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Shukar nan mai dogayen ganyaye kamar takobi, wadda ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka, 'yar Afirka ce, asalinta daga Nijeriya zuwa Kwango. Danginta ce moda, wadda kakanninmu suke cire zarenta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Ganyenta na da zane, wani nau'in har da rawayan baki, tana jure fari da ƙura, kuma raba gindinta kawai ake yi a samu wata, domin idan ganye aka yanka aka dasa, rawayan bakin ba ya biyowa. Haka ma kariya, da ke tsirowa a dazukanmu na Sahel tana fure da rani, ta zama abin kasuwanci a Asiya, ko da yake ita ma ruwan jikinta dafi ne.

Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Fiye da ƙarni guda bayan haka, tsirran da suka shigo gidajenmu ba su da suna a bakinmu. Wannan aiki ne da ke jiran sassan nazarin harsuna da na kimiyyar tsirrai a jami'o'inmu, tare da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975: a zauna da masu lambun bakin titi, a ji yadda suke kiran kowace shuka, a daidaita sunaye, a buga ɗan littafi mai hotuna da ke bayyana wadda ke jure hunturu da wadda ke da dafi. Kafin a kai ga haka, mai karatu, idan ka tsaya gaban mai lambu, tambaye shi sunan shukar da ƙasar da ta fito tun kafin ka tambayi farashi. Allah ya sa mu dace.