Littafin Lambu: Duba Inda Aka Rubuta Shi Kafin Ka Ara

Mai neman littafin noman lambu a laburare sai ya nufi kanta mai lamba 635, in dai da tsarin Dewey aka jera littattafan. A laburaren jami'o'i da yawa kuwa, haruffan SB zai nema. Amma kafin ya kai littafin teburin aro, ya buɗe shafin farko ya ga garin da aka buga shi.

Dalili shi ne, yawancin littattafan nan daga Ingila ko Amurka suka fito, kuma marubutansu sanyi suke tsoro, mu kuwa zafi. Littafi zai ce a dasa tumatir a watan Mayu, bayan jaura ta wuce. A Kano ko Damagaram, Afrilu da Mayu tsakiyar bazara ne, zafi kan kai digiri 40, alhali furen tumatir zubewa yake yi da zarar zafi ya haura digiri 35. Ganye ya yi shar, 'ya'ya babu. Tumatir, latas, kabeji, karas da albasa duk a hunturu suka fi yi mana, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina kuwa ta kuɓewa ce da yakuwa, rama, lalo da kabewa, waɗanda da wuya ka ga sunayen wasunsu a waɗancan littattafai.

Haka ma gyaran ƙasa. Bature kan ɗaga wurin shukarsa ya yi tudu don ruwa ya tsiyaye. Manomin rani a Kadawa fangali yake yi mai zurfi don ruwa ya zauna. Wanda ya kwaikwayi hoton littafi a rani, ban ruwa zai gajiyar da shi.

Wannan ba ya nufin a yar da littattafan. Sabon shiga zai koyi renon iri, tazarar dashe da haɗa taki daga ɓawon kayan miya da kashin dabbobi. Zai kuma gane cewa tumatir, tattasai, attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a maimaita su a wuri guda shekara da shekara. Mai ɗan ƙaramin tsakar gida zai amfana da Square Foot Gardening na Mel Bartholomew, wanda ya fito a 1981. Ni dai da za a tambaye ni, ƙasidun cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Zariya zan fara miƙa masa, domin wasu da Hausa aka rubuta su, kuma ƙasarmu aka yi wa gwajin. Sai ƙananan littattafan Agrodok na ƙasar Holan, da aka tsara don ƙasashe masu zafi.

Tsohon hannu kuwa ya nemi Vegetables in the Tropics na H. D. Tindall, bugun 1983, ko kundin PROTA na kayan lambu na 2004, mai bayani dalla-dalla kan ganyayen Afirka. Sunayen kimiyya ne kan sha masa kai, kuma tun 1916 J. M. Dalziel ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu a A Hausa Botanical Vocabulary.

A duba shekarar bugu musamman a babin ƙwari. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, kuma littafin 1983 bai san da zuwanta ba. Tsofaffin littattafai kan ba da shawarar fesa DDT ko gamalin, magungunan da tuni aka haramta. A lambun da yara ke tsinka suna kaiwa baki, gara jiƙon 'ya'yan darbejiya, ko a tuntuɓi malamin gona kafin a sayi maganin feshi.