2.1 Ma'ana da Asalin Kalmar Mai Zanen Katun

Kalmar katun aro ce daga Ingilishi, amma tushenta shi ne "cartone" ta Italiyanci, wato takarda mai kauri da ake gwajin zane a kanta. A shekarar 1843 ne mujallar Punch ta Landan ta fara kiran zanen barkwanci da wannan suna. A Kaduna, inda aka kafa gidan rediyo da talabijin a 1962 da jaridar New Nigerian a 1966, kalmar ta game zanen jarida da zane mai motsi, alhali sana'o'in sun bambanta. Mai haɗa zane mai motsi shi ne "animator", daga kalmar Latin "anima", wato rai. Saboda haka, wannan nazari zai kira shi "mai raya zane".