Ranar da Toronto ta biya lada don a raba ta da ɗan wasanta

A watan Yunin 2019 ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta yi wani ciniki da zai ɗaure wa mai bin ƙwallon ƙafa kai. Ta miƙa wa Carolina Hurricanes gogaggen ɗan wasanta Patrick Marleau, ta kuma haɗa mata da damar zaɓen zagayen farko na 2020. Abin da ta karɓa bai taka kara ya karya ba: damar zaɓe a zagaye na shida.

Dalilin yana cikin dokar gasar NHL ta wasan hoki na ƙanƙara a Amurka da Kanada. Tun 2005 aka ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, komai arzikinta. A kakar 2019 iyakar ta tsaya a dala miliyan 81.5, Marleau kuwa, mai shekara 39, yana cin miliyan 6.25 daga ciki. Toronto ba ta rasa kuɗi ba, gurbi ta rasa, ga shi kuma tana son sabunta kwantiragin matashinta Mitch Marner. Duk wanda ya taɓa zama kan kasafin kuɗin da aka riga aka yanke masa iyaka ya san wannan ƙunci.

Damar zaɓe ita ce 'yancin ɗaukar sabon matashi a rabon da ake yi kowace shekara. Darajarta ba a hazaƙar yaron kaɗai take ba. Shekarunsa na farko albashinsa ƙayyadadde ne, mai rahusa. Wato Toronto ta sayar da arahar gobe don ta sami sararin yau.

Carolina ba ta taɓa sa Marleau a wasa ba, sallamarsa ta yi. Damar kuwa ta faɗo ta 13, ta ɗauki Seth Jarvis, wanda ya ci ƙwallo 33 a kakar 2023-24.

A ganina kuskuren ba a cinikin yake ba, yana can a 2017, lokacin da Toronto ta ba mai shekara 37 kwantiragin shekara uku. Annobar korona ta ƙara dagula lissafin, domin iyakar ta daskare a miliyan 81.5 har kaka uku. Marner ɗin da aka yi domin shi ya koma Vegas a 2025.