Zaɓen 1959 Da Gwamnatin Da Ya Haifa

Ya kamata mu waiwayi zaɓen da aka yi ranar 12 ga Disamba, 1959, wanda ya fid da mutanen da suka karɓi mulkin Nijeriya daga hannun Turawa, domin a cikinsa akwai abin lura ga duk mai shiga tarayya da wani.

Kujerun Majalisar Wakilai a lokacin 312 ne. An raba su bisa yawan jama'a: Jihar Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. A Arewa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Da aka gama ƙirga, sai jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta sami kujera 134. NCNC ta Dokta Azikiwe tare da abokiyarta NEPU ta Malam Aminu Kano suka sami 89, takwas daga ciki na NEPU ne. AG ta Cif Awolowo ta sami 73, ragowar 16 kuwa suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kafin jam'iyya ta rinjaye majalisa sai ta tara kujera 157, ba kuwa wadda ta kai. Da NCNC da AG sun haɗa kai, da sun tashi da 162, su kafa gwamnati su bar Arewa a waje. Awolowo ya nemi haka, amma Azikiwe ya ƙi, ya karkata ga NPC, don akwai tsoron kada Arewa ta ga an ware ta, ta janye jiki daga ƙasar tun ba a karɓi mulkin kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka Gwamna Janar Sir James Robertson ya kira Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Sardauna ya zauna a Kaduna yana Firimiyan Arewa. Cif Okotie-Eboh na NCNC ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna Janar a Nuwamban 1960, Awolowo kuwa ya zama madugun 'yan hamayya. Abin mamaki, NEPU da take gāba da NPC a Kano sai ga ta a ɓangaren gwamnati a Ikko, albarkacin ƙawancenta da NCNC.

Amma masu magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Jam'iyyun biyu sun daidaita a kan rabon muƙamai, ba su daidaita a kan tushen da kujerun suke fitowa ba, watau ƙidayar jama'a. Da aka yi ƙidayar 1962 gardama ta tashi, aka soke ta, aka sake a 1963, NCNC ta ƙi amincewa. Kafin zaɓen Disamban 1964 abokan jiya sun rabu gida biyu, NNA da UPGA, kowa yana tuhumar ɗan'uwansa da maguɗi. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Firayim Minista da Sardauna da Okotie-Eboh da waɗansu da yawa.

Ya kai mai karatu, ko ɗan kasuwa ne kai ko ma'aikaci, ka san yadda tarayya take. In mutum biyu suka haɗa jari suka yi sharaɗin rabon riba, amma ba su yi maganar wanda zai riƙe littafin lissafi ba, ran da aka zo ƙididdiga ran nan zumunci zai yanke. Haka abin yake ga masu haɗa gwamnati. Wajibi ne tun ranar ƙulla alkawari su fayyace abin da zai iya raba su, su rubuta shi, su yarda da wanda zai yi musu hukunci in saɓani ya auku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari.